Yadda Za Ka Shawo Kan Surukinka Makiyayi da A-kori-kura Guda

Kai da ka taso a birni, ka auro 'yar makiyaya, amma har yau in ka je gidansu kujerar baƙi ake tura maka, matso kusa. Ina da maganinka. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake, kada ka yi mini gyara. Ni kuma na ɗau maka alkawari, kafin a yanki ciyawar bana surukinka zai sa ka cikin mutane. Wannan hanya ba ta taɓa ba ni kunya ba. Sau ɗaya na gwada ta, kuma ta ci.

Sunana Dewey Pruitt. Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a gabashin jihar Oklahoma ta Amurka ya san shagona. Ina gane mota tun daga ƙararta, ina gane mai ita daga yadda yake saukowa.

Wanda na gwada a kansa shi ne Preston, mijin Twila, 'yar yayata Wilma. Yaro ne mai ladabi daga birnin Dallas, aikinsa danna kwamfuta. Da suka yi aure suka dawo garinmu, ya zo da wata 'yar mota mai aiki da batir, wadda ko tari ba ta yi. Surukinsa Hollis, mijin Wilma, wanda ya tsufa cikin shanu, ya zagaye ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Ina sauranta?"

Tun daga ranar bai taɓa kiran yaron da suna ba. A kan tebur sai ka ji ya ce, "Twila, tambayi mai batir ko zai ƙara wake." Alhali ga Preston a gefensa, gwiwa na gogar gwiwa.

Da Twila ta samu ciki, Preston ya same ni a shago, ya zauna a kan tsohuwar taya kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Kawu, ka taimake ni. Haihuwa na matsowa. So kake ɗana ya buɗe baki ya ce mini mai batir?"

Na ce, "Share hawayenka. Ka zo inda ya dace."

Mataki na ɗaya: Sayi motar da ta fi ƙarfinka

Kada ka tambayi kanka me za ka ɗauka da ita. Wannan tambayar 'yan birni ce. Ka shiga wurin dillalai, ka wuce duk motar da kake iya hango rufinta, ka tsaya a gaban wadda ta tare maka rana. Ita ce taka.

Preston ya ɗaga kai yana kallon wadda na nuna masa, baƙa wuluk, mai shan dizal, taya huɗu a baya kaɗai.

"Kawu, ni fa kayana ba su wuce jakar kwamfuta da madarar Twila ba."

"To ka ga ka samu inda za ka sa su."

Da ya kai ta gida ta ƙi shiga gareji. Kanta ya shiga, gindi na waje yana tare wa maƙwabta hanya. Kada wannan ya dame ka. Motar da ta shige gareji har aka rufe ƙofa ai ta zama kayan ɗaki.

Mataki na biyu: Ƙara mata tsawo

Yadda ta fito daga kamfani ba ta isa ba. Kai ta wurin ƙwararre a ɗaga ta, a sa mata tayoyi masu kai wa mutum ƙugu. Ba don ina sayar da taya na sa wannan mataki ba. Amma ina buɗewa tun da safe.

Matarka za ta yi magana. Twila ta tsaya a gindin motar, hannu a ƙugu, ciki a gaba.

"Kawu, kai da Allah, ta ina zan hau wannan? Ko ƙugiya za a kawo a ɗaga ni?"

Ka saya mata ɗan tsani mai naɗewa, ka ce kyauta ce.

Sai ka koyi saukowa, don a nan ake gane baƙo. Kada ka yi tsalle. Preston ya yi tsalle ranar Lahadi a ƙofar coci, a gaban matan ƙungiyar mawaƙa, wandonsa ya yi wata ƙara da aka ji har cikin ɗakin fasto. Ranar a tsaye ya yi sujada, bayansa manne da bango. Ka juya baya, ka riƙe ƙofa, ka sauko a hankali kamar mai fitowa daga rumbu, kana ɗan nishi. Nishin yana da muhimmanci. Yana nuna ka sha aiki.

Mataki na uku: Ɓata ta

A-kori-kura mai ƙyalli abin kunya ce a garinmu. Tana bukatar taɓo, kuma ba kowane taɓo ba.

Na ce wa Preston ya nemo taɓo. Sai ya shiga kanti ya sayo buhun ƙasar shuka fure, ya kwaɓa a bokiti, ya shafe motar da hannu tsaf kamar mai yaɓen ɗaki. Ƙasar baƙa, da ɗigo-ɗigon fari. Aka yi ruwa, aka yi rana, sai ga wani ɗan koren tsiro a kan bamba. Hollis ya gan shi a gidan mai, ya sunkuya ya duba, ya ce da mai zuba mai, "Ka gaya wa mai batir tumatirinsa na son taki."

Jan taɓon bakin rafi za ka ɗebo. Ka watsa shi daga ƙasa zuwa sama, yadda taya ke watsawa, ka bar shi ya bushe. In an tambaye ka ina ka shiga, ka ce, "Can baya." Kowa yana da can baya, ba mai ƙara tambaya.

Mataki na huɗu: Koyi gaisuwar hanya

In kun yi kiciɓis da wata a-kori-kura, ka ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Fasto ko dattijo, yatsa biyu. Hannu gaba ɗaya kuwa, ma'anarsa birkinka ya tsinke.

Preston ya saki sitiyari ya ɗaga hannu biyu yana murmushi, wani manomi ya juyo da mota ya bi shi har gida da akwatin sifana.

Mataki na biyar: Iya ƙin waƙa

Natsu, a nan aikin yake. Duk wahalar da ka sha a baya ta tashi a banza in aka kunna rediyo ka kasa cewa komai.

Ba sai ka san mece ce waƙar karkara, wadda makiyayanmu ke ji da ita, ba. Babu wanda ya sani. Tun ina saurayi ake wannan musu a shagona. Wani ya ce in babu goge ba ita ba ce. Wani ya ce da zarar ganga ta shiga, ta tashi daga aiki. Akwai mai cewa dole mawaƙin ya rera ta hanci, akwai mai cewa dole matar ta tafi kafin amshi na farko, in kuwa ta dawo a ƙarshe to waƙar coci ce. Na ga wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, sun daina gaisawa a kan gangar inji. Abin da na gano bayan dogon nazari shi ne, kowane namiji a garin nan, waƙar karkara ta gaskiya ta mutu ne a shekarar da ya yi aure. Wanda ya yi aure sau biyu, sau biyu ta mutu masa.

Saboda haka naka ƙi ne kawai. Ka riƙe kofi, ka karkata kai, ka bari mawaƙin ya buɗe baki. Sai ka ja numfashi, ka girgiza kai, ka ce a hankali kamar mai ta'aziyya, "Wannan ba waƙar karkara ba ce." In an ce me ya sa, ka ce, "Saurara dai." In an matsa maka, ka fito da babbar bindiga: "Wannan ko saniya bai taɓa taɓawa ba."

Muka yi ta gwaji a shago. Ina murɗa rediyo, yana girgiza kai. Har ya ƙware, ranar nan ya girgiza wa mai karanta hasashen yanayi.

"Kawu, in waƙar ta yi mini daɗi fa?"

"Sai ka ƙara girgizawa."

"Akwai wata mai gangar inji, mutumin yana magana da sauri a kan motarsa da budurwarsa. Wallahi ƙafata da kanta take motsi."

"Ka taka ta da ɗayar."

Mataki na shida: Zaɓi ranar gwaji

Kada ka ɓata gwanintarka a gaban mutum biyu. Jira taro.

Namu ya zo ranar wata Asabar da rana, bikin ƙarin shekara na Kaka Opal, mahaifiyar Hollis, wadda ta haura tamanin amma bakinta bai tsufa ba. Dangi sun cika inuwar bishiyoyin bayan gida. Ana soya tarwaɗa da garin masara, ga wake, ga shayi mai ƙanƙara a manyan tuluna. An kwashe mako ana ruwa, ranar ne sama ta ɗan buɗe.

Preston ya iso yana ruri kamar jirgin ƙasa. Ya juya baya, ya sauko, ya yi nishi. Taɓon ja ne, kuma daga ƙasa ya taso. Hollis ya zagaye motar, ya shuri taya, bai ce uffan ba. Duk wanda ya san Hollis ya san wannan yabo ne. Na ji hawaye na neman zubo mini.

Bayan an ci an sha, Hollis ya ɗauko tsohuwar rikoda ya ɗora a kan tebur, ya zira wani kaset. Jita ta fara. Sai wata murya ta fito, irin ta ɗan maraƙin da kansa ya maƙale a shinge, tana kukan wata budurwa da ta gudu da mai sayar da injin ban ruwa. Dangi duk suka sunkuya suna kallon faranti.

Wasu na cewa da na ja yaron gefe tun da wuri na gargaɗe shi. Ni a lokacin ina wajen kaskon kifi, akwai shaidu.

Preston ya riƙe kofi. Ya karkata kai. Ya ja numfashi. Ban taɓa ganin an yi ta da kyau haka ba.

"Wannan ba waƙar karkara ba ce."

Ba wanda ya tambaye shi me ya sa. Shi kuwa da ya ji shiru, ya zaci filin nasa ne.

"Ku saurara dai. Wannan ko saniya bai taɓa taɓawa ba. Wani ɗan birni ne ya sayi malafa."

Ba ka jin komai sai mai yana tafasa a kasko. Twila ta kama hannun rigarsa.

"Preston. Baba ne."

Hollis ne kuwa. Yana saurayi ya sayar da bijimi ya tafi Nashville, birnin mawaƙan karkara, neman zama mawaƙi, ya dawo da kwali cike da kaset da aljihu wayam. Duk shekara sai ya kunna shi a bikin uwarsa, duk shekara dangi su yi ta kallon wake har ya ƙare.

Sai Kaka Opal ta fashe da dariya. Ta yi ta yi har ta tare baki da hannu kada haƙoran kantinta su faɗo.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan! Tun ranar da ya kawo kaset ɗin nan nake roƙon Allah ya turo mai faɗa. Ni na haife shi, ba dama in faɗa."

"Inna!"

"Rufe mini baki, Hollis. Ka iya shanu, ka iya shinge, ka riƙe Wilma da amana. Waƙa dai ba a ba ka ba. Ranar da ka fara koyo a ɗaki, kajina suka daina ƙwai."

Wasu suka ƙyalƙyale. Hollis bai yi dariya ba. Ya cire kaset ɗin ya sa a aljihun riga, ya shiga tsohuwar motarsa, ya nufi makiyaya.

Wilma ta ce, "Wajen shanu ya tafi. In ransa ya ɓaci can yake zuwa."

Twila ta juya ga mijinta, idonta ya yi ja. "Tashi ka bi shi. Kada ka shigo mini gida sai da ubana."

Mataki na bakwai: In ta ɓaci, bi shi cikin taɓo

Abin da ya biyo baya daga bakin Preston na ji.

Ya tarar da motar Hollis a mashigar tafki, ta nutse har ciki. Dattijon na zaune yana kallon gaba.

"Baba, bari in ja ka."

Hollis ya jefo sarƙa ta taga. Preston ya ɗaura, ya hau, sai ya tuna bai san wane maɓalli ne ke sa dukkan tayoyi su ja ba. Ya danna duk wanda ya gani. Fitilu suka kama, abin share gilashi ya kama, ya taka totur. Tayoyin da na sa masa, masu inganci ne ƙwarai, suka haƙa rami nan take, motar ta kwanta a ciki kamar saniya mai naƙuda.

Sai ruwa ya sauko. Gilashin motar Hollis ya daɗe da daina rufuwa, rufin kuma na yoyo. Ya jure iya jurewa, sannan ya fito ya taka taɓo ya hau ta Preston, wadda yanzu ba ta bukatar tsani. Suka zauna, kowa na kallon nasa gilashin.

Can Hollis ya zabura. "Wani abu na motsi a bayana."

"Kujerar ce, Baba. Tana ɗumama baya, tana tausa. Cikin danne-dannen nan na kunna ta. In kashe?"

"Na ce ka kashe?"

Hollis yana da ciwon baya tun wata faɗuwa da ya yi daga kan doki. Ya jingina, ya lumshe ido. Sannan, ba tare da ya buɗe idon ba, ya ce, "Da gaske muryar ba daɗi?"

A nan yaron ya watsar da duk karatun da na yi masa.

"Baba, ni ban san komai a kan waƙar karkara ba. Koya mini aka yi in girgiza kai. Taɓon jikin motar nan ma, na jiya, da bokiti na watsa. Ita kanta motar tsoronta nake ji. Ni dai ba na so a haifi yaron nan ya tashi ya ga kakansa ba ya ko kallon ubansa."



"Wa ya koya maka?"

"Kawu Dewey."

"Dewey! Mutumin da ke share hawaye in an sa waƙar tallan katifa?" Wannan ƙarya ce, hayaƙin shago ne ke shiga mini ido. Hollis ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya ce, "Preston, ƙara mata zafi."

Da yaron ya ji sunansa a bakin surukinsa, murna ta ɗebe masa hankali. Da ya yi shiru a nan, da yau ina cikin masu daraja a garin nan.

"Baba, ni fa ina ganin laifin kaset ɗin ne, ya tsufa. Muryar nan da za ta samu na'urar zamani, ai sai an ji ta har Texas. Ina da kayan ɗaukar murya a kwamfutata."

Hollis ya buɗe ido.

Wilma ce ta zo da tarakta ta fizgo su ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa tun daga tafki har gida. Ba wanda ya ji ta. Suna cikin mota suna maganar amshi.

Mataki na takwas: San lokacin rufe baki

Wannan mataki bayan abin ya faru na ƙara shi.

Hollis ya koma waƙa. Kwamfutar Preston ta yi iya ƙoƙarinta, muryar ta fi ƙarfinta. Da suka rasa yadda za su yi, suka zuba mata gangar inji don ta rufe wasu wurare. Na ce, "Hollis, ganga fa? Kai da bakinka?" Ya ce, "In ni na rera, waƙar karkara ce."

Sun ɗaura lasifika biyu a bayan a-kori-kurar. Duk Asabar Preston na tuƙi, Hollis na tsaye a baya da jita da malafa. Sun yi gidan mai, sun yi kasuwar shanu, inda aka ce farashi ya faɗi. Sun yi jana'izar wani dattijo mai gyaran rijiya, har matar mamacin ta ce a yi sauri a rufe shi ya huta. Twila ta haifi mace. Ranar da aka kawo ta gida kakanta ya rera mata, ta tsala ihu, ya ce, "Kun ji? Ta kama amshi."

Preston kuwa ya yi ƙiba. Kujerarsa yanzu tana dama da ta Hollis, kuma shi ake fara zuba wa wake.

Sanarwa

Ni Dewey Pruitt, ba ruwana da duk abin da ya samu wanda ya bi matakan nan, ko matarsa, ko surukinsa, ko kajin maƙwabta. Ba ni na ƙera kujera mai tausa ba, ba ni na sa ruwa ya sauko ba. Masu kai tayoyinsu garin gaba don su huce a kaina, Allah ya kiyaye hanya. Kaka Opal kuma, da ke cire na'urar ƙara ji daga kunnenta ta nuna mini ita duk inda muka haɗu, ina tuna mata cewa ita ta fara dariya.

Ina kuma roƙon jama'a su daina yarda da abin da Hollis ke faɗa ta lasifika kafin kowace waƙa, wato, "Ku gode wa Dewey, shi ya dawo da ni." Ban dawo da kowa ba. Sabuwar waƙar da sunana ke cikin amshinta ma ba da izinina aka yi ta ba, kuma baiti goma sha ne da wani abu.

In ka ji rurin dizal ya doso layinku ranar Asabar, kada ka fito, kada ka leƙa ta taga. In Hollis ya hango fuska, daga farko yake sakewa. Mai bukatar faci ya ajiye tayarsa a ƙofar shago, ya ƙwanƙwasa, ya gudu. Ina ciki, ƙarƙashin tebur.